Zama da Maɗaukin Kanwa: Matashi, Abokansa da Bangaskiyarsa

Duk wanda ya bar birnin Washinton ya nufi kudu maso yamma a mota, in ya yi tafiyar kilomita 20 da ɗoriya zai iso Springfield, wani gari a gundumar Fairfax ta jihar Bajiniya. Garin ba shi da girma, mutanensa ba su wuce dubu 30 da 'yan kai ba, an kuwa fi saninsa da wata babbar mahaɗa inda manyan hanyoyin mota uku suka sarƙe da juna. Amma gundumar da yake ciki tana da mutum fiye da miliyan 1, tana kuma cikin gundumomin da suka fi wadata a Amurka. Kusan mutum 3 cikin kowane 10 na mazaunanta a wata ƙasa aka haife su, kamar El Salbado da Koriya da Biyetnam da Habasha da Afganistan da Gana da Nijeriya. Da yawa daga cikin iyayen nan abin da ya ƙetarar da su teku shi ne 'ya'yansu su sami makaranta mai kyau da unguwa mai kwanciyar hankali.

A gefen garin akwai wani wurin shaƙatawa da ke kewaye da tabkin Accotink, inda iyalai kan je yawo ran hutu. A watan Janairu na shekarar 2017 waɗansu matasa masu alaƙa da ƙungiyar 'yan daba ta MS-13 suka kai wata yarinya 'yar shekara 15 wurin, suka titsiye ta da tambayoyi cikin tsananin sanyi, sa'an nan suka kashe ta a wani kurmi da ke kusa. Waɗansunsu har suka ɗauki hoton abin da wayoyinsu. 'Yan sanda sun kama mutum 10, yawancinsu ba su kai shekara 20 ba, wadda kuwa ta soke ta da wuƙa shekarunta 17, aka yanke mata ɗaurin shekara 40.

Abin da ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne yawan waɗanda ke wurin. Cikin taron nan ba a sami ko mutum ɗaya da ya buɗe baki ya ce a bari ba. To, mai karatu, a kan wannan ne za mu yi magana: me ya sa yaron da ya san daidai yakan kasa faɗinsa idan yana cikin tsararrakinsa, kuma wace dabara addinin Kirista ya tanada don ya iya tsayawa?

Ƙarfin taro

A shekarar 1951 wani masanin halayyar ɗan'adam mai suna Solomon Asch ya yi wani gwaji a Amurka wanda har yanzu ake koyar da shi a jami'o'i. Yakan tara ɗalibai bakwai ko takwas a ɗaki ya nuna musu kati biyu, ɗaya da layi guda, ɗayan da layuka uku masu tsawo daban-daban, ya ce kowa ya faɗi wanda ya yi daidai da na farkon. Amsar a fili take, ko yaro ƙarami zai gane. Sai dai duk waɗanda ke ɗakin an riga an haɗa baki da su su ba da amsar da ba daidai ba, ban da mutum ɗaya wanda bai san dawar garin ba, shi kuwa kusan ƙarshe yake amsawa. Aka tarar kimanin mutum 3 cikin 4 sun bi taron aƙalla sau ɗaya, suka ƙaryata abin da idonsu ya gani. In aka haɗa amsoshin duka, wajen kashi ɗaya cikin uku na bin taro ne. Ba wanda ya yi musu barazana, ba kuwa wanda ya yi musu alkawarin ko anini. Tsoron zama saniyar ware kaɗai ya isa.

Amma akwai kashi na biyu na gwajin, wanda ba a cika ambatonsa ba. Asch ya sa mutum ɗaya tak daga cikin waɗanda aka haɗa baki da su ya riƙa faɗin gaskiya. Nan da nan bin taron ya ragu zuwa kimanin rubu'in yadda yake a da. Da ya sa wannan abokin ya juya baya a tsakiyar gwajin ya koma cikin taron, sai bin taron ya sake hauhawa. Watau mutum bai bukaci rinjaye kafin ya tsaya a kan gaskiya ba, abokin tsayuwa ɗaya ya wadatar da yawancin mutane.

Waɗannan ɗaliban kwaleji ne. Ga waɗanda ba su kai haka ba abin ya fi tsanani. A shekarar 2005 Margo Gardner da Laurence Steinberg na Jami'ar Temple da ke Filadalfiya suka ba mutane wasan tuƙin mota a kwamfuta, inda direba zai zaɓa ko ya tsaya in fitilar hanya ta nuna rawaya, ko ya yi kasada ya wuce. Yara 'yan shekara 13 zuwa 16 sun ninka kasadarsu kusan sau biyu idan abokansu na kallo, manya kuwa kusan ba su sake ba. Wani bincike da ya biyo baya a 2011, wanda aka yi da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ya nuna cewa sashen da ke sa mutum jin daɗin lada yakan ƙara motsawa a kan matashi da zarar ya san abokansa na kallonsa, ko da suna wani ɗaki daban, ko da ba su zuga shi da baki ba. Ashe zuga ba sai da baki ake yinta ba, ido ma yana yi.

Iyakar "ka ce a'a"

A shekarun 1980 uwargidan Shugaban Amurka, Nancy Reagan, ta jagoranci wani gangami na yaƙi da miyagun ƙwayoyi wanda takensa ke nufin "ka ce a'a kawai". A 1983 kuma aka soma shirin DARE a birnin Los Anjalas, inda 'yan sanda cikin kayan sarki kan shiga aji su koya wa yara illar ƙwaya da yadda za su ƙi tayin abokai. Shirin ya bazu a yawancin makarantun ƙasar. Amma da masana suka tattara sakamakonsa a 1994, sai suka ga tasirinsa a kan shan ƙwaya kaɗan ne ƙwarai, har daga baya masu shirin suka sake manhajarsa a 2009. Yaran sun haddace illolin sarai. Abin da darasin bai ba su ba shi ne wurin zama bayan sun ce a'a, domin yaron da ya ƙi tayin majalisarsu yakan wayi gari ba shi da majalisa.

A yau kuskuren dare ɗaya ya fi na wancan zamani tsada. Ƙwayar fentanil, wadda ake cusawa cikin jabun magunguna, ta fi hodar heroyin ƙarfi kamar sau 50, miligiram 2 nata kuwa na iya kashe mutum. A kowace shekara daga 2021 zuwa 2023 fiye da mutum dubu 100 ne suka mutu a Amurka saboda shan ƙwaya fiye da ƙima, kafin adadin ya sauka a 2024. Mu ma a gida ba mu tsira ba. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumomin Nijeriya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wata ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. A watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton BBC ya nuna yadda yake cin matasa a Kano da sauran birane. Kwalbar farko kuwa, ko a Fairfax ko a Fagge, ba kasafai baƙo ke miƙa ta ba. Daga hannun aboki takan fito.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya lura da shi

Tun kafin masana su auna wannan rauni, malaman Kirista sun daɗe suna nazarinsa. Agustin, wanda aka haifa a shekarar 354 a Tagaste, garin da yanzu ake kira Suk Aharas a Aljeriya, ya zama bishop na Hippo, yana kuma cikin manyan malaman Ikkilisiya. A littafin da ya rubuta wajen shekarar 400, inda ya zayyana laifuffukansa a gaban Allah, ya ɓata shafuka da dama a kan wani abu da wani zai ɗauka wasan yara ne. Yana ɗan shekara 16, shi da abokansa suka fita da dare suka kakkaɓe 'ya'yan wani itace da ke kusa da gonarsu, ba don yunwa ba, gama yana da waɗanda suka fi su daɗi a gida, ƙarshenta ma aladu suka watsa wa. Da ya binciki zuciyarsa bayan shekaru masu yawa, sai ya tabbatar cewa da shi kaɗai ne da bai yi ba. Ya kuma faɗi cewa a lokacin har ƙarya yakan yi wa abokansa cewa ya aikata ɓarnar da bai aikata ba, don kada su raina shi. Duk wanda ya taɓa zama a makarantar kwana ya san irin wannan alfahari.

Littafi Mai Tsarki kansa cike yake da manyan mutane waɗanda idon jama'a ya kayar. A Bisharar Markus, sura ta 6, sarki Hirudus ya sa an fille kan Yahaya Mai Baftisma ko da yake ransa bai so ba, saboda ya riga ya yi rantsuwa a gaban baƙinsa, yana jin kunyar janyewa. Bilatus ya bayyana cewa bai sami Yesu da laifi ba, duk da haka ya ba da shi saboda ihun taro. Wanda ya fi kusa da halin matashi kuwa shi ne Bitrus. Da maraice ya yi alkawarin zai bi Ubangijinsa har kurkuku har mutuwa, kafin gari ya waye ya yi musun saninsa sau uku. Ba a gaban alƙali ya yi wannan musu ba. Yana zaune ne a tsakar gidan babban firist yana jin ɗumin wuta tare da barori, wata baranya ta dube shi ta ce ai shi ma yana cikinsu. Shi kaɗai ne a da'irar, sai ya zaɓi ya saje.

A ɗaya gefen kuma akwai labarin Daniyel, wanda kusan kowane yaron da ya yi makarantar Lahadi ya sani. An kwashe shi daga Urushalima yana saurayi zuwa Babila a zamanin sarki Nebukadnezzar, aka sa shi makarantar fada, aka sake masa suna, aka koya masa harshe da ilmin mutanen ƙasar. Duk wannan ya karɓa, har ya yi fice. Abu ɗaya ya ƙi, watau abincin sarki da ruwan inabinsa, kuma da ladabi ya ƙi, ya roƙi mai lura da su ya gwada su kwana 10 da ganyaye da ruwa. Masu wa'azi sukan jaddada ƙarfin zuciyarsa, amma ya kamata a lura cewa su huɗu ne, shi da Hananiya da Mishayel da Azariya. Haka nan sa'ad da Yesu ya aiki almajiransa garuruwa, biyu-biyu ya aike su. Abin da Asch ya gano a ɗakin gwaji ke nan, an daɗe ana aiki da shi.

Me bangaskiya ke ba matashi?

Abu na farko shi ne wani ido dabam. Mun ga cewa sanin ana kallonsa kaɗai kan sauya halin matashi. Koyarwar Kirista ba ta ce masa ya daina damuwa da mai kallo ba, gama wannan ba ya yiwuwa ga ɗan'adam. Tana gaya masa ne cewa akwai Mai kallo wanda ya san shi tun kafin abokansa su san shi, ya kuma karɓe shi cikin Almasihu ba don wata bajinta da ya nuna ba. Makamin 'yan zuga shi ne barazanar cewa in ba ka yi ba, kai ba kowa ba ne. Yaron da ya gaskata cewa an riga an yanke darajarsa a wani wuri, kaifin wannan makami yakan ragu a kansa, ko da yake zafin gori ba ya gushewa.

Na biyu shi ne yanke shawara tun kafin lokaci. Daniyel ya ƙudura a ransa kafin a ajiye akushi a gabansa. Shi ya sa masu koyar da matasa a majami'u sukan nace wa karatun Littafi da addu'a kowace safiya, da alkawarin da mutum ke ɗauka a gaban jama'a ran baftisma ko tabbatarwa. Wanda ya riga ya san iyakarsa, kuma abokansa suka san shi da ita, ba sai ya sake tattauna ta da ƙarfe 11 na dare a bayan mota ba. Sau da yawa ma tayin kan daina zuwa, don an san amsar.

Na uku, wanda a ganina ya fi sauran nauyi a aikace, shi ne wata majalisar. A 1883 wani malamin makarantar Lahadi a birnin Gilasgo na Sikotlan, William Alexander Smith, ya rasa yadda zai yi da samarin ajinsa masu ƙiriniya. Da yake shi hafsan sojan sa-kai ne, sai ya haɗa musu fareti da horo da karatun Littafi, ya ba su hula da ɗamara. Asalin 'Yan Birged ke nan, waɗanda suka iso Legas a 1908, yanzu kuwa da wuya a yi babban taron coci a Jos ko Kaduna ko Wusasa ba a ji gangunansu ba. Smith ya gane cewa abin da ƙungiyar banza ke ba yaro, watau suna da muƙami da 'yan'uwa da abin yi da yamma, bukata ce ta gaske, sai dai a biya ta ta hanya mai kyau. A 1957 kuma aka kafa ƙungiyar zumuntar ɗalibai Kirista ta FCS a Gindiri, a makarantun mishan na SUM, ta bazu cikin makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai na Arewa, hedkwatarta tana Jos. Yaron da aka kai makarantar kwana nesa da gida, tun makon farko yakan sami manyan ɗalibai da suka san sunansa, suke nemansa in ba su gan shi a taro ba.

A Amurka tsarin ya ɗan bambanta, domin tun 1962 Kotun Ƙoli ta hana hukumar makarantar gwamnati shirya wa ɗalibai addu'a. Amma wata doka ta 1984, wadda kotun ta tabbatar a 1990, ta ba ɗaliban sakandare izinin kafa ƙungiyar addini da kansu, muddin makarantar ta yarda da sauran ƙungiyoyin da ba na darasi ba. Saboda haka ɗalibin Springfield na da damar haɗuwa da 'yan'uwansa masu bi a harabar makaranta kafin a shiga aji ko bayan an tashi, haka ma ɗalibi Musulmi ko Bayahude. Ƙungiyoyi irin su Young Life, wadda aka kafa a Teksas a 1941, da wata ta 'yan wasa Kirista da aka kafa a 1954, a kan wannan tunani suke aiki, cewa hanyar zuwa zuciyar matashi ta wurin abokinsa take bi.

Na huɗu shi ne hanyar komowa. Ƙungiyar 'yan daba takan riƙe yaro da laifin da ya riga ya yi, ta nuna masa cewa ya yi nisa, ba ya jin kira. Labarin Bitrus bai ƙare a bakin wutar nan ba. A sura ta ƙarshe ta Bisharar Yahaya, a bakin wata wutar gawayi kusa da teku, Yesu ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya kuma mayar masa da aikinsa. A 1958 wani fasto daga ƙauyen Fensilbeniya, David Wilkerson, ya ga zanen waɗansu samari bakwai da ake yi wa shari'ar kisan kai a wata mujalla, ya tashi ya tafi Niyok yana wa'azi a tsakanin 'yan daba. Cikin waɗanda suka tuba har da Nicky Cruz, ɗaya daga cikin jagororin wata ƙungiya da ake tsoro a unguwar Burukilin. Ba a bar shi a unguwar ya yi ta fama shi kaɗai ba, aka tura shi makarantar Littafi Mai Tsarki a Kalifoniya, inda ya sami sababbin abokai. Daga wannan aiki ne cibiyoyin Teen Challenge suka fito, waɗanda ke karɓar masu fama da shaye-shaye a ƙasashe da yawa.

Abin da alƙaluma suka nuna

Ko wannan duka yana aiki? A 2018 Ying Chen da Tyler VanderWeele na Jami'ar Harvard suka wallafa sakamakon bin sawun matasa fiye da 5,000 na tsawon shekaru 8 ko fiye. Waɗanda ke zuwa wurin ibada aƙalla sau ɗaya a mako tun suna yara, yiwuwar su sha haramtacciyar ƙwaya bayan sun girma ta yi ƙasa da ta sauran da kimanin kashi 33 cikin 100. Wani babban bincike a kan addinin matasan Amurka, wanda Christian Smith ya jagoranta, aka buga sakamakonsa a 2005, ya tarar cewa ba wanda ya kai iyaye tasiri a kan bangaskiyar 'ya'yansu, duk da yadda ake zaton matasa ba sa sauraronsu.

Gundumar Fairfax ita ma takan yi wa ɗalibanta na aji 8 da 10 da 12 tambayoyi a kai a kai, ba tare da sun rubuta sunansu ba. Daga amsoshin ta fitar da wani kira ga iyaye, cewa yaron da ya sami aƙalla uku daga cikin waɗansu madogarai, hatsarin faɗawarsa cikin shaye-shaye ko ƙungiyar 'yan daba yakan ragu sosai. Cikin madogaran akwai iyayen da zai iya kai wa kuka, da wani babba a unguwa da zai iya yi wa magana, da malamin da ke yaba ƙoƙarinsa, da wani aiki na bayan makaranta, da hidimar jama'a. Gwamnati ce ta tsara jerin, ba ruwanta da addini, amma mai lura zai ga cewa majami'ar da ke aikinta da kyau tana iya ba yaro uku daga ciki a mako guda.

Sai dai a nan wajibi ne a faɗi gaskiya ta ɓangare biyu. Da farko, wannan kariya ba ta Kirista kaɗai ba ce. Musulmi sun san hadisin da ya kwatanta abokin kirki da mai sayar da turaren miski, mugun aboki kuwa da mai zuga wutar maƙera, makarantar Islamiyya mai kyau kuma tana yi wa yaro irin wannan amfani. Ƙasar Aisilan ma, ta hanyar wasanni da kiɗa da ƙarin lokacin zama da iyaye da hana yara yawon dare, ta rage yawan 'yan shekara 15 da 16 da suka bugu cikin wata guda daga kashi 42 cikin 100 a 1998 zuwa kashi 5 a 2016. Kirista zai ce bangaskiyarsa ta wuce dabarar tarbiyya, domin tana magana a kan gafara da sabuwar zuciya, wannan kuwa ba abin da alƙaluma za su iya aunawa ba ne.

Na biyu, taron addini shi ma taro ne, yana iya zama wurin zuga. A 2023 an tono gawawwaki fiye da 400 a dajin Shakahola na Kenya, na mabiyan wani mai wa'azi da ake tuhuma da umartarsu su yi azumi har mutuwa. Ko ba a kai nan ba, ƙungiyar matasan da ke koya wa yaro ya yi shiru ya bi shugaba ido rufe, sauya masa ubangida kawai ta yi, ba ta koya masa tsayuwa ba. Alamar ƙungiya mai lafiya ita ce yaro na iya yin tambaya ba a kunyata shi ba, ba a raba shi da iyayensa, ba a kuma koya masa ƙyamar maƙwabcinsa mai wani addini. Yesu kansa an zarge shi da cin abinci tare da masu karɓar haraji da masu zunubi, saboda haka manufar ba gudun mutane ba ce, iyawa ce ta zama a cikinsu ba tare da narkewa ba.

Ga iyaye da matasa

Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, gaskiya ne kuwa. Amma uban da ya tsaya ga hani kaɗai, yana cewa kada in ƙara ganinka da wane, ya yi rabin aiki ne, musamman a zamanin da majalisar yaro ke cikin aljihunsa, a wayar da yake kwana da ita. Sauran rabin shi ne ya san sunayen abokan ɗansa, ya buɗe musu ƙofar gidansa su ci tuwo, ya kai shi taron matasa ko da ya dawo aiki a gajiye, ya kuma tabbata akwai wani babba amintacce, kawu ko malami ko dattijon coci, wanda yaron zai iya gaya wa abin da yake jin nauyin gaya wa mahaifinsa. Waɗansu iyaye a Amurka sukan yi yarjejeniya da 'ya'yansu cewa duk inda suka tsinci kansu cikin matsi, ko ƙarfe nawa ne, su buga waya a zo a ɗauke su, faɗa kuma sai gari ya waye. Iyayen da ke ƙasar baƙunci, masu aiki biyu ko uku don biyan haya, su suka fi bukatar juna a wannan, gama dangin da kan sa ido a kan yaro a gida ba su biyo su ba.

Kai kuma saurayi, ke kuma budurwa, ku tuna da kashi na biyu na gwajin Asch. Sa'ad da kuke zaune cikin taro, zuciyarku tana ƙin abin da ake shirin yi, da wuya a ce ku kaɗai ne ke jin haka. Galibi akwai wani a gefe wanda shi ma yake jiran ya ji murya ɗaya. Ba mu san abin da ke zuciyar kowane ɗaya daga cikin matasan da suka taru a bakin tabkin Accotink ba, amma mun san ba wanda ya fara magana. Kirista ya gaskata cewa ko a irin wannan wuri ba shi kaɗai yake tsaye ba, wannan ne kuma ke ba shi ƙarfin zama na farkon da zai ce a bari, domin na biyu ya sami wanda zai bi.